Ranar da Motar Abba Ta Ɗaga Ɗuwawu

"Umma, me ya sa motar Abba ta ɗaga ɗuwawunta sama kamar kaza tana kiwo?"

Hasana ba ta iya tambaya a hankali ba. Da ƙarfi ta yi ta, a tsakiyar mutane, tana nuni da ɗan yatsa. Lawan ɗan dako, wanda ya rungumo wani dutse a ƙirji, sai da ya dire shi don kada dariya ta sa ya sakar wa ƙafarsa. Madam Clementina, mai lambun furannin, ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa.

Sa'adatu ta janyo hannun 'yarta. "Ke! Ban hana ki wannan kalmar a cikin mutane ba?"

"To ai ta ɗaga, Umma. Duba ki gani."

Sa'adatu ta duba, ta ga kuwa yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Akori-kurar mijinta Rabi'u tana tsaye a bakin titin gidan Zoo, an maƙala mata 'yar tirela mai taya biyu, an shaƙe tirelar da duwatsun ado. Bayan tirelar ya yi ƙasa, saura kaɗan ya shafi kwalta. Wuyanta kuwa, inda aka saƙala a ƙugiyar motar, ya yi sama, ya ɗago bayan motar tare da shi. Tsakanin tayar baya da bodi akwai ratar da kyanwa za ta kwanta ta yi miƙa.

Aikin Madam Clementina ne. Wata Hajiya ta gama gini a Unguwar Gano, tana son a jera mata duwatsu a kewaye furannin tsakar gida, farare masu santsi da wasu jajaye ƙatti. Bayan motar an cika shi da dashen furanni a cikin baƙaƙen leda, ba a haɗa su da dutse, shi ya sa Rabi'u ya aro tirelar wajen Matthias mai walda, maƙwabcinsu a Gyaɗi-Gyaɗi. Tun ranar Asabar kuma ya yi wa Hasana alkawarin cewa yau Alhamis, tunda ana hutun makaranta, a gidan gaba za ta zauna, ta raka shi kai kaya. Kwana biyar ke nan ba a huta ba a gidan. Ta gaya wa yaran layinsu kaf, ta gaya wa mai kosai, ta gaya wa akuyar maƙwabta. Yau tun da asuba ta sa rigar Sallarta, ta zauna a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa.

Sa'adatu ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Amma ita 'yar Malam Garba mai amalanke ce, can wani ƙauye bayan Gaya, kuma tun tana 'yar shekara tara take bin sa ɗaukar taki da yashi. Ta taɓa ganin ranar da aka zuba wa amalanke kaya a baya, karkiya ta yi sama ta shaƙe bajimai biyu, suka riƙa tafiya da ƙyar kamar masu sanɗa, idanunsu waje. Abin da ta gani yanzu ke nan, sai dai wannan bajimin na ƙarfe ne, ba ya kuka.

Ta matsa kusa da Lawan. "Malam Lawan, sannu da aiki. Me ya sa manyan duk suka taru a baya?"

"Ai dabara ce, uwar gida," in ji Lawan, yana share gumi da hularsa. "In mun isa, buɗe ƙofar baya kawai za mu yi, mu mirgino su, su sauko da kansu. Wa zai shiga can ciki ya cicciɓo wannan ƙaton? Haka muke yi a bayan akori-kura kullum."

"Kuma sawu ɗaya za mu yi," Rabi'u ya ƙara, yana bubbuga bodin motar. "Kafin azahar mun gama."

Sa'adatu ta yi ƙasa da murya. "Abban Hasana, zo mana, ka ji wata magana."

Ta ja shi bayan wata bishiyar mangwaro da ke cikin tukunya, wadda ba ta ɓoye ko rabin jikinsu ba. Ta gaya masa a hankali cewa kayan bai zauna ba, nauyin ya koma baya, kuma a amalanke in aka yi haka, tafiya ba ta yin kyau.

Rabi'u mutum ne mai fara'a, ba shi da saurin fushi, amma yana da abu guda: kada ka taɓa masa tuƙi. Ya yi murmushi irin na wanda ake koya wa karatun da ya haddace. "Sa'ade, shekarata goma sha ɗaya a kan titi. Na je Maraɗi, na je Fatakwal. Mota ba saniya ba ce."

"Sau nawa ka ja tirela a cikin shekara goma sha ɗayan?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan ai duk tuƙi ne."

"To shi ke nan. Kai ne direba. Amma Hasana ba za ta shiga motar nan a haka ba."

Ashe 'yar tana bayansu. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi birgima ba, wanda da shi ta yi da ya fi sauƙi. Leɓenta na ƙasa kawai ya fara rawa, ta kalli uwarta, ta kalli ubanta, ta kalli takalmin Sallarta. Sa'adatu ta ji abin har cikin ƙirjinta. Ta san gobe yaran layi za su taru su tambaya, kuma ta san yadda yara suke da wanda ya cika baki bai je ba. Duk da haka ba ta saki hannun 'yarta ba.

Madam Clementina ce ta raba gardamar. A Kano aka haife ta, Hausarta ba ta da gargada. "Oga direba, gani ya kori ji. Ja ta kai kaɗai zuwa wancan gidan man, ka juyo. In ta tafi lafiya, Maman Hasana ta ba ka haƙuri a gabanmu. Ko ba haka ba?"

"Na yarda," in ji Sa'adatu. "Amma don Allah a hankali."

Rabi'u ya shiga, ya ba ta wuta, ya ɗaga wa Hasana hannu, ya hau titi. Da fari lafiya lau. Lawan har ya fara cewa, "Kun gani ko?" Sai motar ta ɗan ɗauki gudu. Daga nan inda suke tsaye suka hango tirelar ta karkata hagu, ta dawo dama, ta sake komawa hagu, kowane karo ta fi na baya nisa. Can sai bayan motar ma ya shiga rawar. Masu adaidaita sahu suka dare gida biyu, ana ta matsa hon. Wani jan dutse ya yi tsalle ta saman ƙofar baya, ya gangara sululu ya faɗa kwata.

"Innalillahi!" Sa'adatu ta danne fuskar Hasana a jikinta.

"Jesus!" in ji Madam Clementina, hannu biyu a ka.

Allah ya taimaka, Rabi'u bai taka birki da ƙarfi ba. Ƙafarsa ya ɗauke daga totur, ya riƙe sitiyari gam, rawar ta riƙa raguwa har ta tsaya. Babu wanda ya ji ciwo, babu abin da aka buga. Ya juyo ya dawo yana rarrafe, har wani mai tura baro na rake ya wuce shi yana masa sannu.

Bai gama fitowa ba sai ga wani mai adaidaita ya tsaya a bayansa. A kujerar fasinja, zaune daram, ga jan dutsen nan, jiƙe da ruwan kwata.

"Direba, ga fasinjanka," in ji mai adaidaitan. "Ya sauka ba a tasha ba. Mu uku muka ciro shi. Wai ni biki za ku kai motar nan ne take rawa haka?"

Aka kwashe da dariya, har da Rabi'u, ko da yake tasa dariyar ba ta wuce haƙori ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Sa'adatu ta yi zaton magana ta ƙare. Ina! Namiji a gaban maza, ga kuma matarsa a tsaye. Ya zagaya tirelar, ya harbi taya da ƙafa.

"Iskar tayar nan ce ba ta kai ba. Ko kuma waldar Matthias ce ta karkace."

"Ƙwarai kuwa," in ji Lawan, wanda shi ma lodinsa yake karewa. "A ƙara igiya kawai. Ko ni na hau gaban tirelar na zauna, na danne ta."

"Ka zauna a ina?" in ji Madam Clementina. "Kana da mata da 'ya'ya, Lawan. Ba a kan duwatsuna ba."

"A hankali zan tafi," Rabi'u ya ce. "Giya ɗaya, giya biyu. Hasana, zo mu tafi."

Hasana ta ɗaga ƙafa. Sa'adatu ta riƙe ta. Ta tuna gangaren gadar Dangi, inda ko ba ka so mota sai ta ɗauki gudu, ga kaya mai nauyi yana turo ta ta baya. Ta kuma san in ta sake buɗe baki a nan, a gaban Lawan da mai adaidaita da masu kallo, to ta ɗaure mijinta da jijiyar wuya, ba zai iya sauka ba ko da yana so. Hawayen Hasana kuwa sun fara zuba a kan rigar Sallah.

Sai ta zaro wayarta daga jaka. "Yi shiru, 'yar albarka. Bari na kira miki Kaka ki gaishe shi, kwana biyu ba ku yi hira ba."

Ta kira, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta miƙa wa yarinyar. Ta san 'yarta. Hasana ba ta taɓa kwana da labari a ciki ba.

"Salamu alaikum! Wa ke nan?" Malam Garba yana magana a waya kamar yana kiran wani a ƙarshen gona.

"Kaka, ni ce."

"A'a, uwar surutu! Me ya sami muryar taki? Wa ya taɓa min ke?"

"Kaka, motar Abba ce ta ɗaga ɗuwawu, kuma ta yi rawa a titi, kuma dutse ya faɗa kwata, kuma Umma ta ce ba zan shiga ba."

Aka jiyo kukan tinkiya daga can ɓangaren. Sannan tsohon ya ce, "Ba ni Abban naki."

Abin da ya biyo baya, Madam Clementina ta daɗe tana ba da labarinsa. Rabi'u ya zare takalmansa nan a bakin titi, ya durƙusa a kan tsakuwa, ya karɓi wayar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai kamar surukin nasa yana tsaye a gabansa, alhali mutumin yana can bayan Gaya.

"Allah ya ƙara lafiya, Baba. Barka da hantsi. Mun same ku lafiya? Ya mutan gida? Ya shanu?"

"Lafiya ƙalau, Malam Rabi'u. Me kuka ɗauko?"

"Duwatsu ne, Baba."

"Taya nawa abin da kake ja?"

"Biyu, Baba."

"To ai amalanke ce. Manyan suna ina?"

Rabi'u ya saci kallon Lawan. Lawan ya ɗaga kai yana nazarin gajimare. "Suna... suna baya, Baba."

"Ash! Ai shanuna sun fi motarka gata, su in an yi musu haka kuka suke yi, a ji. Saurara, ɗana. Abu mai taya biyu, nauyinsa a kan taya yake zama, ka ɗan gusa shi gaba kaɗan. Wuyan ya danna ƙasa, kada ya ɗaga sama. Amma kada ka tara duka a wuyan, ka karya wa dabba doro. Ƙananan ka cusa a tsakani, kada ka bar wa dutse wurin motsi. In ya yi yawa, raba shi biyu. Hanya ba ta gudu."

"To, Baba. In sha Allahu, Baba. Haka ne, Baba."

"Wai ni Sa'ade ba ta wurin ne? Ai ita ce take min lodi kafin ka zo ka ɗauke min ita. Har yau ban sami kamarta ba. Ka tambaye ta mana."

Rabi'u ya ɗago kai a hankali ya dubi matarsa. Sa'adatu ta duƙufa tana gyara wa Hasana ɗankwali, wanda babu abin da ya same shi. Ya daɗe yana kallonta, sannan dariya ta ƙwace masa, ta gaske wannan karon, har yana dafa ƙasa.

"Baba, ai ta faɗa. Kunnen ne ya yi nauyi."

"To a sauke masa kaya shi ma," in ji tsohon, ya kashe wayarsa.

Rabi'u ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya sa takalmi. "Lawan, a sauke."

"Duka?"

"Duka. Ga injiniya nan, abin da ta ce shi za a yi."

Aka kwance tirelar daga motar, aka tokare tayoyin da bulo, aka sa wani kututture a ƙarƙashin bayanta, aka sauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Sa'adatu ta ɗaure mayafinta a ƙugu. Da fari muryarta ƙasa-ƙasa take, tana cewa "don Allah" kafin kowace magana. Kafin a ɗora dutse na biyar ta manta da kunya.

"Wannan ƙaton, saitin taya. A'a, Malam Lawan, matso da shi gaba, kamar taƙi ɗaya. Yawwa. Ɗan'uwansa a wancan gefen, kada ɓari ɗaya ya fi nauyi. Abban Hasana, kawo fararen nan a cusa a ramin."

"An gama, ranki ya daɗe," in ji Lawan. "Oga, ashe kai kwandasta ne a gidan?"

"Yi aikinka, kai da ka ce za ka zauna a kan wuya."

Da aka kai rabin kayan ta ce ya isa. Ta sa aka cire kututturen, ta ce Rabi'u ya kama wuyan tirelar ya ɗaga. Ya ɗaga da nishi, wuyan yana neman komawa ƙasa.

"Ka ji yana danna hannunka?"

"Na ji."

"Haka ake so."

Aka maƙala, aka sa sarƙa, aka rufa tamfol aka ɗaure tamau. Motar ta zauna daidai, gaba da baya, kamar an auna da ma'aunin magina. Hasana ta zagaya ta sau biyu tana duba ta da idon basira.

"Umma, ta sauke."

"Ta sauke me?" in ji Lawan, yana ƙunshe dariya.

Hasana ta kalli uwarta, ta yi tunani. "Abin da aka hana ni faɗa."

Madam Clementina ta zaɓo wani ɗan farin dutse mai santsi kamar ƙwan zabo ta damƙa mata. "Ungo, 'yata. Ke kika fara gani, duk manyan nan muna tsaye."

Bel ɗin kujerar fasinja ya shekara a cuse a bayan kujera. Sa'adatu ta zaƙulo shi, ta kakkaɓe, ta zaunar da Hasana a kan jakarta don ta ƙara tsawo, ta ɗaure ta, ta ja ta gwada, sannan ita ta zauna a tsakiya. Lawan ya bi su a adaidaitan mutumin nan da ya kawo dutse, wanda ya ce shi sai ya ga ƙarshen wannan biki.

Suka hau titi. Rabi'u ido ɗaya a gaba, ido ɗaya a madubi. Suka wuce gidan man, suka hau gadar Dangi, suka gangara. Tirelar tana biye da su tiryan-tiryan, kamar ɗan maraƙi a bayan uwarsa. Sai a lokacin Sa'adatu ta lura ta ƙanƙame gwiwar 'yarta, ta sassauta hannu.

Hasana kuwa ba ta san ana yi ba. Ta ɗaga wa ɗan sanda hannu, ta ɗaga wa mai lemo, ta ɗaga wa wani raƙumi da aka ɗora a bayan mota. Da suka shiga Tarauni ta hango wata 'yar ajinsu a ƙofar shago, ta ƙwala mata kira har sau uku, don a sami shaida.

A gidan Hajiyar, Lawan ya yi ta mita yana shiga ciki yana turo manyan, amma ya sauke su lafiya. Suka koma suka ɗauko sawu na biyu, kuma wannan karon Rabi'u da kansa ya tsaya yana cewa, "Saitin taya, Lawan, saitin taya," kamar shi ya ƙirƙiro maganar. Sa'adatu ta bar masa. Azahar ɗin da ya ce sai ta zama la'asar. Hasana ta yi barci a hanyar komawa gida, bel a ƙirji, farin dutsenta a dunƙule a hannu.

"Sa'ade," in ji Rabi'u, bai ɗauke ido daga titi ba, "da gangan kika ba ta wayar nan ko?"

"Gaisuwa ce kawai, Abban Hasana. Zumunci."

"Hmm. Allah ya bar zumunci."

To kai mai karatu, ko direba ne kai, ko fasinja, ko uwa irin Sa'adatu, ka riƙe wannan. Rabi'u sa'a ya ci, titin ya ba shi wuri, kuma ba kullum ake samun haka ba. In ka ga an maƙala wa mota tirela, bayan motar ya yi sama, kada ka shiga, kada ka bari ɗanka ya shiga, kada ka yarda da "a hankali zan tafi". A sauke, a sake lodi, nauyi a kan taya, a raba shi sawu biyu in ya yi yawa. Kuka na awa ɗaya yaro zai yi ya manta. Wanda za ka yi in ka saki hannunsa ba ya ƙarewa.